Kwamfutar da Ba a Bari a Buɗe

Kawuna, yayan mahaifiyata, tun kafin a haife ni yake cike wa 'yan kasuwarmu takardu a unguwar Treichville da ke Abidjan. Teburinsa yana bakin shagon wani mai sayar da buhuna, ba nisa da tashar jiragen ruwa. Duk ɗan Nijar ko ɗan Arewa da kwantenarsa ta iso, in Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, wurin Kawu zai fara tsayawa. Da can da keken rubutu yake aikin. Daga baya ya koma kwamfuta, wata baƙa ta ɗauka a hannu mai nauyin dutsen niƙa, gwanjon Turai. Ni na samo masa ita shekarar da na buɗe rumfar gyaran kwamfuta a Roxy, cikin Adjamé.

Ni a Abidjan aka haife ni, kuma Kawu bai taɓa barina na manta ba. In na yi magana sai ya karkata kai ya ce Hausata ta ci acheke, abincin rogon mutanen garin, da yawa. Ni kuma in ce masa Faransancinsa na zamanin gwamna ne, wanda ko masu shi sun daina yi. Haka muke. Ina da saurin fushi, kowa a layinmu ya shaida, amma shi kaɗai ne yake tsokanata in yi dariya.

Wata safiya shafin da yake shiga ya cike takardun kaya ya ƙi buɗuwa. Ba lalacewa kwamfutar ta yi ba. Tsarin da ke tafiyar da ita ne ya tsufa, masu shi suka daina kula da shi, shafin kuma ya daina karɓarsa. Cikin 'yan kwanaki mutanen da suka yi shekaru suna zama a bencinsa suka fara wucewa, su gaishe shi da hannu biyu, su shige sibar, shagon intanet ɗin da ke kwanar layi. Ga 'ya'yansa maza kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama. Sun daɗe da gina masa gida a ƙauyenmu, can wajen Tawa, suna ta fama ya koma ya huta. Mutumin da ya bar ƙauyen nan tun gemunsa bai fito ba, matarsa tana kwance a maƙabartar garin nan, abokan hirarsa duk suna nan. Teburin nan ne kawai hujjarsa ta zama, kuma babban ɗansa ya faɗa masa kai tsaye: in babu aiki, babu dalilin zama a ɗakin haya.

Sai ga shi a rumfata ran wata Talata, ya hau bas ya haye gada, ya rungume kwamfutar a ƙirji cikin wani koren ƙyalle mai aikin zare a gefe. Na miƙa hannu zan karɓa in ajiye ta ƙasa inda sauran suke jiran layi.

"Kai! Ƙasa?" in ji shi. "Akwai Alƙur'ani cikinta."

Na san da haka, don ni na zuba masa izu sittin, na karantawa da na saurare. Abin da ban sani ba shi ne tun daga ranar yake riƙe ta kamar Mus'hafi. Ba ya ɗora komai a kanta. Ba ya miƙa mata ƙafa. Dole na share teburina, na kwashe sukurori da kwanon garba, acheke da kifin da na ci jiya, kafin ya yarda ya sauke ta.

Na saka kle ɗina, wato filashi, mai ɗauke da sabon tsari. Ko minti biyu ba a yi ba allon ya rubuto cewa wannan na'ura ba ta cika sharuɗɗa ba. Kawu ya karanta da kansa, a hankali, yana bin rubutun da yatsa.

"Mi suka iske gare ta?"

"Sun ce ta tsufa, Kawu. Akwai wani ɗan ƙarfen tsaro da ake sa wa na yanzu, ita ba ta da shi."

"Wa ya ce?"

"Waɗanda suka yi sistem ɗin."

"Sun gan ta?"

Na ce masa akwai hanya, mu masu gyara mun san ta. Ana shirya kle ɗin ta yadda zai tsallake tambayoyin nan, ya shiga kai tsaye. Yana aiki sau da yawa, amma ba wanda zai ba ka garanti, kuma mafi tsabta shi ne a goge faifan ajiyar gaba ɗaya a fara daga fari. A nan muka yi karo.

"Ka goge? In ka goge Alƙur'anin, ina za shi?"

"Ba inda za shi, Kawu. Zan kwafe shi, in mayar muku."

"Wanda ka goge nake tambaya, ba wanda ka kwahe ba."

Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, har maƙwabcina mai gyaran waya, wani Bajule, ɗan ƙabilar Jula, ya leƙo ya sa baki. Kawu ya saurare mu duka, ya ce a'a. Sai na haƙura na bi doguwar hanya: a ɗora sabon a kan tsohon ba tare da an taɓa kayan ciki ba. A tsohuwar na'ura irin wannan aikin yakan ci sa'o'i, kuma ba ya son a dame shi.

Na tayar da shi da hantsi. Lamba tana hawa a allo a hankali, fankar ciki tana kuka. Da aka kira azahar na ce mu tafi, a bar ta tana yi. Kawu ya ce in yi gaba, zai same ni a sahu. Bayan sallah na tsaya gaisawa da mutane, na biya na sayo mana abinci. Da na dawo na tarar da shi zaune a kujerarsa yana jan carbi, kwamfutar a buɗe, allon baƙi ƙirin, jikinta da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Aikin ya ruguje, ta koma tsohon tsarinta.

Washegari haka. Na ƙara mata ƙwaƙwalwa, na busa ƙurar fanka, na ɗora ta a kan katako biyu don iska ta ratsa. Muka je sallah muka dawo, na same ta a mace, da zafi. Zuciya ta ɗebe ni. Na buga tebur, na ce wannan gawa ce, masu ita sun fi ni gaskiya. Kamar da gayya sai ga kiran babban ɗan Kawu yana tambayar inda aka kwana. Na fita waje cikin hayaniyar 'yan gbaka, ƙananan motocin haya, na ce masa, "Yaya, abin nan ya ƙare, ba za ta ɗauka ba." Ban yi tunani ba. Haushin na'ura nake ji, na je na sauke shi a kan tsohon. Kafin la'asar Yaya ya sake kira, ya ce ya kama wa Baba kujera a motar Nijar ta ran Asabar.

Kawu ya naɗe kwamfutarsa cikin koren ƙyallen, ya ce, "Gobe ma rana ce, ɗan nan." Na raka shi tasha ina jin kaina kamar ɓarawo. Ina son mutumin nan. Shi ya kai ni makaranta ranar farko, shi ya tsaya mini lokacin aurena, ni kuma da baki ɗaya na sa shi a mota.

Ran Alhamis ya dawo, na sake tayar da aikin, ba don ina da wata sabuwar dabara ba, sai don ban iya kallon idonsa in ce a'a. Da azahar na yi gaba kamar kullum. Na kai bakin masallaci na tuna na bar wayata a tebur, na juyo. Daga nesa na hango shi tsaye a kan kwamfutar. Ya sa hannu biyu ya rufe murfinta a hankali, tana tsakiyar aiki, ya ɗauko ƙyallen ya naɗe ta tsaf, gefe huɗu, har da ramukan da take numfashi, ya ɗaure.

"Kawu! Me kuke yi?"

Ya dube ni da mamaki, kamar ni ne na yi abin kunya.

"Ba a barin Alƙur'ani buɗe ba mai karatu. Ba a koya maka ba? Ga wanga maƙwabcin naka da kiɗa tun safe."

"Haka kuka yi jiya? Da shekaranjiya?"

"To da? In na dawo in buɗe maka ita kamar yadda ka bar ta."

Na buɗe baki zan yi faɗa, dariya ta riga faɗan fitowa. Na zauna a kan kwali na yi ta yi har da hawaye. Bajulen ya leƙo yana cewa, "Vieux père, yako," wato sannu Baba, bai ma san me ya faru ba. Kwana biyu ina zagin masu tsari da masu na'ura, ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Da na bayyana wa Kawu cewa rufewar ce take katse aikin, naɗewar kuma take shaƙe ta, sai ya gyaɗa kai. Ya ce to, ya ji, amma ba zai bar shi a buɗe ya tafi ba, kuma ba zai bar jam'i saboda ordinater ba, kamar yadda yake kiran kwamfutar.

Bayan sallah na ɗauki sukundireba na kwance bayanta. Na zaro tsohon faifan, ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba, na miƙa masa da hannun dama.

"Ga shi nan, Kawu. Duk izu sittin suna cikin wannan. Ba a goge ko wasali ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya dube ni ya ga ba wasa nake ba.

"Ita kuma?"

"Ita yanzu ƙarfe ce kawai. Ba komai cikinta."

Ya naɗe faifan cikin ƙyallen, ya ɗora a cinya, ya nuna mini kwamfutar da haɓa.

"To ka yi mata abin da ka ga dama."

Na sa mata sabon faifai mai sauri, na saka kle, ya tsallake tambayoyinsa. Muka bar ta tsirara a kan tebur muka je la'asar, Kawu da ƙunshinsa a aljihun gaba. Da muka dawo tana jiranmu da sabon allo mai shuɗi. Na buɗe shafin takardun, ya buɗu. Na kwafo masa kayansa duka daga tsohon faifan, sannan na mayar masa da shi. Na kuma faɗa masa gaskiya, cewa ta ɓarauniyar hanya muka shigar da ita, wata rana masu tsarin za su iya sake rufe ƙofa. Ya ce ranar ta zo tukuna.

Da safiyar Juma'a na rufe rumfa na bi shi Treichville, don na san saura ƙalubale ɗaya. A sabon tsarin komai ya canza wuri. Abin da ya saba samu a kusurwar hagu ya koma tsakiya, launuka sun sauya, rubutun ya ƙanƙance. Na ƙara masa girman haruffa, na jera abubuwan kusa da yadda ya saba, amma ba duka suke komawa ba. Muna cikin haka wani Alhaji mai shigo da tayal, ɗan Kano, ya zo wucewa da takardu a hannu, ya nufi kwanar layi. Ya ga kwamfutar a kunne, ya ja birki.

"Malam, ta tashi ne?"

"Zauna," in ji Kawu.

Alhajin ya zauna, amma rabin zama, yana duba agogo. Kawu ya gyara tabarau. Kibiyar ta yi ta yawo a allo tana neman inda za ta sauka. Ya danna wani abu da ba shi ba, taga ta buɗe, ya rufe ta. Ya sake dannawa, ba shi ba ne. Ina tsaye a bayansa, ina ganin wurin da ya kamata ya danna, yatsana yana ƙaiƙayi. Na san in na miƙa hannu sau ɗaya, kafin a sauko daga Juma'a labari ya gama Treichville cewa ɗan ƙanwarsa ne yake yi masa aikin. Na mayar da hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya, na kafa ido a kan buhunan mai shago.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ji ƙarar madannai ta fara, ɗaya-ɗaya, sannan ta kama gudu irin nasa na yatsa biyu. Ya tambayi Alhajin lambar kwantena ba tare da ya ɗago kai ba. Injin bugawa ya yi tari ya turo takarda. Kawu ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya miƙa. Alhajin ya ce gobe ƙaninsa ma zai zo da nasa.

Da ya tafi, Kawu ya zaro wayarsa ya miƙo mini, ya ce in kira masa babban ɗansa. Na kira na mayar masa. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa. Sannan ya ce:

"Kujerar nan ta gobe, ka ce ma mai mota ya ba wani. Ina da mutum da safe."