Malam Isiyaku Tabanni, Mai Tsara Kaset-kaset, Ya Kwanta Dama

Allah ne Ya ba mu aronsa, Shi ne kuma Ya karɓi abinsa. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, ina gona wajen karyar masara, ɗansa Isah ya kira ni ya shaida mini cewa Allah Ya yi wa Malam Isiyaku Tabanni rasuwa bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. An sallace shi bayan azahar a nan Birnin Gwari.

Malam, tare muka koyar a firamare tun muna samari. Da ka yi ritaya, ƙungiyar matasan unguwarmu ta damƙa maka ɗan ɗakin karatunta, ka riƙe shi ba tare da ka nemi komai ba. A lokacin wayar hannu ta riga ta kashe sana'ar hayar kaset, rashin zaman lafiya a daji kuma ya kori mutane daga ƙauyuka. Masu shaguna daga Kuyello da Tabanni suka shigo gari da buhunan finafinan bidiyo, ba su san inda za su kai su ba. Wasu har sun fara hura wuta da kwalayen. Kai ka riƙa bin su gida-gida a kan tsohon babur ɗinka kana roƙo a ba ka. Kana goge funfuna da tsumma, kana ɗaure zaren da ya tsinke. Matarka Habiba ta taɓa ce mini ɗakin ajiyar hatsinta ya koma na kaset, dawarta kuwa ta koma zaure.

Bara wata cibiyar adana kayan tarihi a Kaduna ta ji labarinka, ta turo ma'aikaciyarta, Malama Susan. Ta bayyana mana cewa rukuni biyu ne a tsarinsu: fim da talabijin. Abin da aka sa a rukunin fim za a kwafe shi a kwamfuta nan da nan. Na talabijin sai ya jira, domin ana ɗauka gidajen talabijin suna da nasu kwafin. Kaset ɗinka kuwa ba su da ƙarfin jira, damina tana cin su.

Malama Susan mace ce mai tsantseni a aikinta. Ta ce waɗannan finafinai ba su taɓa shiga gidan sinima ba, a akwatin talabijin aka kalle su, don haka tana ganin can ne mazauninsu. Ni ma a ranar ra'ayina ke nan. Ka saurare mu har muka gama, sannan ka ɗauki kaset ɗaya ka ce:

"Malama, akwatin nan taga ce kawai. Ki duba wa ya yi fim ɗin nan, kuma ta wace hanya ya fito. Babu tashar da ta sa a yi shi, babu tashar da ta ware masa lokaci. An gama shi, an kai kasuwa. Idan wannan ya lalace, ba inda za a je a samo wani."

Ta ce to waɗanda suka fito kashi na ɗaya, na biyu, na uku fa, ai sun yi kama da shiri mai dogon zango. Ka ce a zauna a kalla. Kuka yi kwanaki kuna kallo da rana, in an kawo wuta, kuna rarrabewa. Inda labari ɗaya ne ya fi ƙarfin kaset guda aka raba shi, kuka sa shi a fim, kuka rubuta a ƙarƙashinsa cewa ta bidiyo ya fito kai tsaye. Ta koma da wannan bayani wurin shugabanninta, suka amince.

Akwai wani wasan kwaikwayo na barkwanci da aka riƙa nunawa mako-mako a talabijin zamanin ƙuruciyarmu, wani ya naɗe shi a kaset. Duk tarin nan babu abin da kake so kamarsa. Da hannunka ka ɗauke shi ka ajiye a ɓangaren talabijin, kana sane da cewa zai jira, wataƙila ma ya lalace kafin a zo kansa. Na tambaye ka dalili, ka ce: "Audi, talabijin ce ta haife shi. Idan na karkata a guda ɗaya saboda ina son sa, da wane baki zan kare sauran?"

Cikin finafinan da suka tsira akwai wani da matasan coci na ƙauyen Kusasu suka shirya da harshen Gbagyi shekaru da dama da suka wuce. Kwafi ɗaya ne ya rage. Wanda ya fito a matsayin mai gari a ciki, Obed, an kashe shi a hanyar gona a shekarun tashin hankali, ya bar matarsa Martha da 'yarsu Blessing tana goye. Da cibiyar ta aiko da kwafin, ciwo ya riga ya kama ka, ƙafafunka sun kumbura. Duk da haka ka ce in goya ka a babur zuwa inda Martha take zaune a bayan kasuwa. Aka zuba mata fim ɗin a waya. Blessing, wadda yanzu ta zama budurwa, ta riƙe wayar da hannu biyu, ta kasa kunne.

"Mama, haka muryarsa take?"

"Haka take," in ji Martha. "Sai dai a gida bai cika faɗa haka ba."

Muka yi dariya, idanunmu da ƙwalla. Martha ta ce, "Baba Malam, me zan ce maka?" Ka ce ta ba mu ruwa mu sha, rana ta yi zafi. Da ka rasu, ita ce ta kwana uku a gefen Habiba tana taya ta karɓar gaisuwa, Blessing kuma tana ɗebo wa masu zuwa ruwa.

Ya Allah, ga bawanKa Isiyaku ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Yadda ya tsaya ya ba kowane abu mazauninsa na gaskiya, Ka ba shi mazauni a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Habiba, da Isah da Juwairiyya da ƙannensu, da dangi na Tabanni, da matasan ɗakin karatu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙauyukanmu. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.