Ranar da Yaya Sani Ya Karɓi Labarin Inna Ige

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na Argungu ba ta jin ɗumi ba ce, wutar banda ce. Sana'ar kakata Inna Ige ke nan. Masunta su kawo mata tarwaɗa da ƙarfasa daga gulbi, ta farke ciki, ta zuba hanjin a wani tsohon kwando, ta jera kifin bisa ragar waya, ta hura wuta da ƙaiƙayin shinkafa. Banda ba ta son a yi nisa da ita, don haka da an idar da Magariba an ci tuwo, sai ta jawo kujerarta ta zauna tana juya kifi, mu kuma mu kewaye ta. Hayaƙi ya shiga ido, ƙarni ya kama riga. Ba mu taɓa damuwa ba.

Ita ba ta ba da tatsuniya irin ta sauran tsofaffi, wadda za ka zauna baki buɗe har a kai ƙarshe. Cikin labarin take jefa mu. Takan ce, "Ga ta nan ta buɗe ƙofa, wa ka shiga?" Mu ce, "Mu duka!" Kowa da wanda yake zama a ciki. Ni maharbi ne. Ƙanwata Hajo 'yar maƙeri ce mai guduma. Bitrus kuwa, ɗan maƙwabtanmu, mai jin maganar tsuntsaye ne. Iyayensa mutanen Filato ne, babansa yana gyaran injin casar shinkafa. Bitrus yana da i'ina mai tsanani, kalma takan maƙale masa har jijiyar wuyansa ta tashi. In hakan ta faru sai Inna ta ɗaga mana hannu.

"Ku bar shi shi ƙare," takan ce. "Kifin ga ma jiranai nika yi."

Idan ɗayanmu ya ce zai yi abu mai haɗari, ba ita ke yanke hukunci ba. Tana da ɓawon gujiya a ƙullin zanenta, sai ta miƙa maka ka watsa a ƙasa. In mafi yawansu sun kwanta a buɗe, ka yi nasara. In sun kife, ka faɗi. Ba ta taɓa sauya abin da ɓawo ya nuna ba, ko don ni da take kira mijinta. Na taɓa harbin wani kada ɓawo ya kife, na fashe da kuka. Ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi kibiyar ta wuce ta soki kogon zuma, ga ƙudan zuma nan sun taso, kadan ya nutse amma mu muna fili. "To, miji na, mi za ka yi?" Nan take na manta da kukan.

Labarin da ya fi daɗewa a hannunmu shi ne na Ruɓau. Wani gari ne a bakin fadama da rijiyoyinsa suka fara wari, tuwo yana tsami tun yana cikin tukunya, jarirai sun ƙi nono. Dattawan garin suka aike mu mu gano dalili. Muka bi sawu cikin laka, tsuntsaye suna gaya wa Bitrus hanya, Hajo tana fasa mana duk abin da ya tare mu, har muka hango dodon da ya jawo haka, wato Ruɓau, kwance cikin wani rami. Inna ba ta ce yana da ƙaho ko jajayen idanu ba. Da hanci ta kama mu.

"Kun san rumbun albasa in ruwa ya shige shi, a zo buɗewa bayan kwanaki? To, numfashinai ke nan. Jikinai duk matattun kifaye ne sunka manne da juna. In ya ɗaga hannu, tsutsa ka zuba daga hamata tai awa tsaba."

Hajo ta toshe hanci da ɗankwali. Amma ba wanda ya tashi, sai ma ƙara matsowa muka yi, don mun tsani dodon nan, kuma kowa yana da dabarar da yake so ya gwada a kansa.

Muna bakin ramin nan a labarin aka aiko daga Gulma cewa ƙanwar Inna ta rasu. Ta tafi zaman makoki, mahaifiyata ta karɓi banda, labari kuma ya tsaya. A lokacin ne Yaya Sani, ɗan kawunmu da ke sakandare a Birnin Kebbi, ya zo hutu. Ya ji muna ta gardamar yadda za mu kashe Ruɓau, sai ya ce shi zai ƙarasa mana, ai ya karanta littattafan da Inna ba ta ma san da su ba. Muka yi murna. Da yamma ya zo da abokansa samari, ya haye kujerar Inna.

Abu na farko, da na kawo ɓawon gujiya sai ya share shi da ƙafa, ya ce wannan aikin ƙauyawa ne. Na biyu, ya shigo da wani barde mai takobin wuta, dogo, kyakkyawa, wanda ko makaho ya san shi kansa yake nufi. Na ce zan harbi dodon a ido. Ya ce bakana ya karye. Hajo ta ce za ta rushe bakin ramin da guduma. Ya ce gudumar ta narke. Duk abin da muka faɗa, amsarsa a shirye take, domin ya riga ya gama labarinsa a kai tun kafin ya zauna. Mu 'yan kallo yake nema, waɗanda za su yi wa bardensa tafi.

Sai Bitrus ya ɗaga hannu. Na san dabararsa, don ya gaya mini da rana: zai kira ungulaye su cinye dodon da ransa, tunda jikinsa mushe ne. Dabara ce da ta fi ta kowa. Ya fara, "Za... za... zan ki..."

Yaya Sani bai jira ba. Ya ce Ruɓau ya tofa wa mai jin maganar tsuntsaye miyau, ya zama kwaɗo, yanzu a hamatar dodo yake zaune yana cin tsutsa. Sannan ya kumbura kumatu, ya zaro ido, ya shiga kwaikwayon i'inar yaron da muryar kwaɗo. Abokansa suka kwashe da dariya har da buga cinya. Dariyar ta ƙara masa ƙarfi. Ya miƙa hannu cikin kwandon hanjin da ya wuni a rana, ya zaro wani dogo mai yauƙi, ƙudaje na bin sa, ya kai shi bakin Bitrus.

"Ci abincinka, kwaɗo."

Hanjin ya taɓa leɓensa. Na gani da idona. Na juya bayan danga na amayar da tuwona. Hajo, da ƙanƙantarta, ta tofa miyau a gaban takalmin Yaya Sani. Bitrus bai yi kuka ba. Ya goge bakinsa da bayan hannu, ya je ya durƙusa ya yi wa mahaifiyata sai da safe, wadda ke can ɗaki ba ta san abin da ya faru ba, ya fita.

Da Inna ta dawo, yammar farko ta dubi da'irarmu ta ce, "Ina ɗan tsuntsayena?" Hajo ta zayyana mata komai. Inna ta daɗe tana juya kifin da bai buƙaci juyi ba, sannan ta sa aka kira Yaya Sani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sani, ni na yi dodo mai wari don ɗiyan ga su yi ƙyamar dodo. Kai ka sa sun yi ƙyamar zama wurin ga. Yaro ya ba ka amanar kainai cikin labari, kai ko ka sa mai ƙazanta ga baki. Tashi. Kada ka koma zama gaban wutag ga."

Washegari ta yafa mayafi, ta zaɓi tarwaɗa mafi kyau, ta tafi wurin Maman Bitrus, ni ina riƙe mata kwanon. Bayan ta ba uwar haƙuri, sai ta tambayi yaron da kansa: yana so a goge zancen kwaɗon a koma bakin rami, ko yaya yake so? Ta jira shi har ya fitar da maganar. Ya ce shi ba ya son labarin Ruɓau gaba ɗaya.

"To, an zubar," in ji ta.

Haka kuwa aka yi. Labarin da muka yi makonni muna ginawa, ba mu taɓa jin ƙarshensa ba. Na roƙe ta a asirce ta gaya mini ni kaɗai, ta ce ita ma ba ta sani ba, ai mu ne za mu yi ƙarshen. Ta buɗe sabo, na wani kwalekwale mai tafiya bisa gajimare. Bitrus ya dawo, amma da ta tambaye shi wa zai zama, sai ya ce bebe. Inna ta amince. Duk lokacin da aka zo kansa, da hannu yake nunawa, ita kuma ta fassara, ta sa nunin nasa ya zama shi ne ya ceci jirgin. Har babansa ya sami aiki suka koma Birnin Kebbi, ban sake jin muryarsa cikin labari ba.

Yanzu ni ma a Birnin Kebbi nake. 'Yata ce ta nuna mini a waya cewa wannan abu wasa ne sananne a duniya: a zauna kewaye da tebur, mutum ɗaya ya riƙe labari, sauran kowa da jaruminsa, a jefa ƙwaya irin ta ludo. Ranar Asabar bayan La'asar nakan riƙe musu, ita da ƙawayenta. Masu son su koyi riƙewa sukan tambaye ni yadda ake ƙirƙiro dodanni da garuruwa. Wannan mai sauƙi ne, nakan ce su fara da wari da ƙara kafin kamanni. Mai wuyar shi ne ka zauna ba ka san ƙarshen ba, ka bar ƙwaya ta faɗi yadda ta faɗi, kada ka shigo da jarumin kanka, ka kuma jira mai jinkirin magana. Sannan ka riƙa kallon fuskoki. Akwai yamutsa fuska ta wanda ke jin daɗin tsoro, akwai ta wanda ake ci wa mutunci, kuma in ba ka iya bambance su ba, bai kamata a ba ka kujerar ba.

Yaya Sani babban mutum ne yau, ana tashi a ba shi wuri. Sallar da ta wuce muna cin abinci a faranti ɗaya a gidan kawu, sai ya tuno da zancen. Ya ba da shi a matsayin abin dariyar yarinta, ya kumbura kumatu, da furfurarsa da komai, ya sake yin muryar kwaɗon. Jikokinsa suna zaune suna kallonsa, wani ƙarami har ya fara gwadawa. Na cire hannuna daga farantin, na kira yaran, na ce su zo waje zan ba su labari.