Hannun Cin Tuwo da Hannun Nemansa

Bayan na ajiye alli, sai na kama aikin duba rubutu a wata maɗaba'a da ke Sabon Gari. Mai wurin, wanda muke kira Oga, Ibo ne haifaffen unguwar, Hausarsa ta fi ta wasu ɗaliban da na yaye. Aikina in zauna da jan biro ina farautar kurakurai a katin biki da kalanda. Ranar da mai yankan takarda bai zo ba na ce bari in taimaka, injin ya ɗauke mini yatsu biyu na hagu, manuniya da na tsakiya. Ban ga laifinsa ba, inda aka sa masa ya yanka.

Oga ya yi wa ma'aikatansa inshora, don haka da aka sallame ni daga asibiti kamfanin inshorar ya turo jami'insa gidana a Kwaciri ya tantance raunin. Mutum ne mai ladabi. Na miƙa masa hannu muka gaisa, maiɗakina ta kawo tuwo muka ci tare, ya ɗauki hoton dungulmin ya tafi.

Da takardarsu ta iso, sai na ga an rubuta wai hannun da ya raunata ba shi ne na aikina ba. Diyyar ta ƙanƙance, ba za ta riƙe gida ba har in koya wa dama rubutu. Hujjarsu ita ce jami'in ya gani da idonsa ina ci da dama, ina gaisawa da dama.

Ni kuwa bahago ne tun ina rarrafe. Mahaifiyata ta yi nasarar mayar da loma dama da taimakon muciya, amma alƙalami ya ƙi ƙaura.

Muka je ofishinsu ni da Oga. Na yi wa jami'in bayani cewa duk faɗin Kano babu bahagon da zai sa hagu a kwano gaban baƙo, sai in ba a gida ya tashi ba. Ya saurara har na gama.

"Baba, ban ƙaryata ka ba," in ji shi, "amma fayil ba ya jin magana, takarda yake so."

Takarda kuwa ita ce kaɗai dukiyar da na tara. Kashegari Oga ya ciko kwali da tsofaffin shafukan da na duba, kowanne da makina a ƙasa, wato alamar nan ta "daidai" da malamai ke yi. Makin mai dama wutsiyarsa dama take haurawa. Tawa hagu take kallo, abin da ɗalibai suka shekara talatin suna kwaikwayo a bayan idona. Na miƙa wa jami'in jan biro na ce ya yi irinsa da damarsa, goma a jere, da sauri. Ya yi biyu da ƙyar, na ukun ya koma hanyar gidansu.

"Kada ka damu, ɗan'uwa," in ji Oga, "shi ma Malam bai taɓa iya naka ba."

Jami'in ya yi dariya, ya zaɓi shafi shida ya sa a fayil. Bayan mako biyu ya kawo sabon rahoton har gida, an mayar wa hagu matsayinta, diyyar ma ta koma yadda ya kamata. Ya ce in karanta kafin in sa hannu. Na karanta, na tsinci kurakurai biyu a sakin layi na farko, na gyara masa kyauta. Sannan na maƙale biron tsakanin babban yatsa da na zobe na ba shi maki. Ya fito a karkace, amma wutsiyar na kallon hagu.