Gishirin da Aka Naɗe a Takarda Mai Ƙyalli

Wata Laraba ce bayan roron gyaɗa, a shekarar da na yi famfara, Baba ya dawo ƙauyenmu na wajen Makoda daga birni a kan keke. Ya zaro wasu 'yan ƙulle-ƙulle guda huɗu daga aljihu, kowanne a naɗe cikin takarda mai ƙyalli, ya miƙa wa Inna ya ce na miya ne, dunƙule sunansa. Ni ban saurari batun miya ba, ƙyallin kawai na gani, na yanke a raina cewa alewar birni ce ake ɓoye mana. Da Inna ta tafi rijiya sai na ɗauke ɗaya, na zaga bayan rumbu, na jefa shi baki gaba ɗaya. Har yau in na tuna sai yawu ya taru mini. Gishiri ne mai ƙuna, ya kama mini harshe da maƙogwaro, ina tari ina hawaye har Inna ta dawo ta same ni. Na ce, "Inna, wallahi gishiri ne." Ta dungure mini kai ta ce, "Wa zai naɗe gishiri a takarda irin wannan? Bakinki ne na ƙauye." Gidan duka aka yi ta dariya, yara suka laƙaba mini Ta-gishiri, har a dandalin gaɗa. Daga ranar ban sake faɗa ba.

Kafin zuwan dunƙule, babu abin da ke shiga tukunyarmu wanda ban san asalinsa ba. Itacen ɗorawa uku ne a gonar Baba, tsakanin gero da dawa. Mu ne masu tsince kalwa, mu kai wa Inna ta dafa ta wuni guda, mu surfa ta da toka, mu wanke a bakin rijiya har hannu ya yi fari, a rufe ta da ganye a kwando kwana uku, sai warin daddawa ya cika gidan har maƙwabta su san an kusa. Kuka daga bayan gida, kuɓewa daga gefen shinge, barkono a shanye kan rufin ɗaki. In mun gama aiki mu zauna carafke, ko mu bi itatuwan dakwara muna ɓamɓaro ƙaro, mu kai wa malamin allo ya haɗa tawada. Wani lokaci mukan sami guntun ƙaro da tururuwa ta maƙale a ciki, mu ɗaga shi saitin rana, mu gan ta sarai har ƙafafunta. Nakan daɗe ina kallonsa, don ba ya ɓoye abin da ya haɗiye.

Na girma, na yi aure a Bagwai, dunƙule ya zama ruwan dare. Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomi ne mai son miya mai daɗi. Da girma ya zo masa sai ciwon kai da jiri, aka ce hawan jini ne, ma'aikaciyar asibiti ta ce mini, "Inna, a rage masa gishiri." Na bi maganarta sau da ƙafa. Na ɗauke kwanon gishiri na kai ɗakina. Amma sai miyar ta yi salam, na ga yana tura tuwo da ƙyar, tausayinsa ya kama ni, na riƙa ƙara masa dunƙule a madadin gishirin da na hana shi. Shekaru ina haka, ina ganin kulawa nake yi. Ranar da ya faɗi a gona ɓarin jikinsa ya shanye, miyata ce a cikinsa. Na san kwana ne ya ƙare, ban yi jayayya da Ubangiji ba. Amma ina kuka, kuma ba na jin kunyar a rubuta cewa ina kuka.

Jikata Hafsa ce ke rubuta wannan, ni ban san ko baƙi ɗaya na boko ba. Tana karatun zane a jami'a, tana zaune a Rijiyar Zaki. Bara ta zo hutu da wasu abubuwa kamar dutse amma garai-garai kamar ruwa. Ta ce wani ruwa ne da ake kira rezin, in an zuba shi sai ya daskare. Takan karanta ƙananan rubutun da ke jikin kayan kanti, ta auna abin da aka ce yana ciki, ta zuba shi a fili kusa da abin, ta daskarar da su tare. Akwai kwalbar lemo da tulin sukari a gindinta. Na ɗauki wani na ɗaga saitin rana, kamar yadda nake yi wa ƙaro, na ga dunƙule a takardarsa, gefensa wani farin tuli. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Gishiri ne, tsohuwa. Ai a rubuce yake a jiki." A rubuce! Wa aka rubuta wa? Harshena ya karanta shi tun ina da giɓi, aka yi mini dariya har na ƙaryata kaina.

Yanzu mahaifin Hafsa ma an ce jininsa ya hau. Na roƙe ta ta bar mini wannan dutsen, na kai wa uwarta shi a madafa, na ce ta ajiye inda za ta riƙa ganinsa kullum. Ta ce, "To, Inna," tana murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. Jiya na leƙa na same ta tana murƙushe dunƙule da shi a kan faranti, wai ya fi muciya nauyi.

Da ina yarinya abin miya a buɗe yake, mu muka shuka shi, mu muka daka. Yau ga shi an buɗe wa 'yan yanzu a cikin ƙaron zamani, suna kallo ba sa gani. Da safen nan na jiƙa kalwa, in ta zama daddawa zan kai wa mahaifin Hafsa miyarsa da kaina. Wannan karon ko za a yi dariya, ba zan yi shiru ba.