Ranar da na taɓa motar Baba

Baba ya karya sitiyari har ƙarshe, ya zagaya filin ƙwallon Gazawa sau biyu yana kasa kunne. Ƙas-ƙas ɗin da tsohuwar motarsa ke yi a kwana ya ɓace.

Jiya na canza mata kardan, ƙarfen da ke juya tayar gaba, a ɓoye, don ba ya yarda kowa ya taɓa ta.

Ya taka birki. "Wa ya ɗaure notin?"

"Ni ne, Baba. Sai da na sauke ta ƙasa sannan na ƙarasa ɗaurewa. Ban kuma taka sifana da ƙafa ba."

Ya fita, ya zagayo ta gefena.

"Tashi, kai ni Cadawa."

Tunda nake, yau na fara riƙe sitiyarin nan. Ku fa, yaushe tsohonku ya miƙa muku makulli?