Wa zan bar wa kabarin Malam Altine?

Shekara biyar ke nan da rasuwar Malam Altine, kuma sai bana na ɗauki alƙalami a kansa. A shekarun baya ban ga buƙatar rubutu ba. In kewarsa ta dame ni, mota nake shiga ranar Juma'a in tafi maƙabartar da ke bayan garin Doha, in tsaya a kansa in yi masa addu'a, in dawo da sauƙin zuciya. To, wannan hanyar ta kusa toshewa. Kwantiragina ya ƙare, kamfani bai sabunta ba, wata mai kamawa zan koma Kano. Iyalinsa suna can ƙauyensu a ƙasar Sakkwato, ba wanda ya taɓa ganin kabarin sai a hoto. In na tafi, wa zai sake tsayawa a wurin ya ambaci sunansa? Tambayar da ta hana ni sukuni ke nan tun ranar da aka ba ni labarin tafiyata.

Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a Al Muntazah, mu huɗu, a gadaje masu hawa biyu. Ni mai gadi ne a ƙofar wani dogon bene, shi kuma direban ƙaramar bas, yana ɗauko injiniyoyi daga gidajensu na Al Gharrafa ya kai su wurin wani gini ta wajen Al Wakrah. Ban taɓa zama da mutum mai mita irinsa ba. Babban abu ba ya ɗaga masa hankali. Ko rasuwa aka aiko masa da ita daga gida, salati zai yi ya shiga alwala. Amma ka bar buta babu ruwa, ko ka shiga banɗaki da silifas ɗinsa ka dawo masa da su a jiƙe, yau ka shiga uku. Yana mitar ƙamshin da ake cika wa shinkafa, da na'urar sanyaya ɗakinmu mai ɗiga daidai kan filonsa, da masu manyan motoci da ke haska masa fitila ta baya alhali gabansa a cike yake. Yana mitar 'yan'uwansa da ke turo saƙon murya, su ƙarar da rabinsa a gaisuwa. Kusan kowace mita da abu ɗaya take ƙarewa: "Bakano, wagga wace irin ƙasa ta?"

Ina ce masa ya cika tsirfa, amma a raina jiran dawowarsa nake. Wanda bai yi gadi ba ba zai gane ba. Wuni guda kana tsaye, dubun mutane su wuce ta gabanka, ba wanda zai faɗa maka abin da ya wuce lambar hawan da za shi. Mitar Malam Altine ce Hausar da nake ji a rana.

Mafi yawan waɗanda yake ɗauka mutanen Scotland ne, kuma su ne hirarsa ta biyu bayan buta. Kafin in san shi, na ɗauka Bature Bature ne, Turanci kuma Turanci. Shi ya nuna mini cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, har a cikin ƙasa guda ƙarama. Akwai wani mutumin Glasgow da ya sa wa suna Gajere, wanda ya ce yana haɗiye tsakiyar kalma kamar mai cin tuwo da zafi. In zai nemi ruwa, "wo'a" kawai za ka ji. Akwai wani dattijo mutumin Aberdeen da yake kira Tsoho, wanda inda sauran ke fara tambaya da "hw", shi da "f" yake farawa. Wannan ya fi komai yi wa Malam Altine daɗi. Ya ce ai Kanawan Scotland ke nan, tunda mu ma haka muka lalata "hwaɗi" muka mai da ita "faɗi". Sai wata baiwar Allah 'yar Edinburgh mai fitar da magana tas, wadda su biyun ke tsokana cewa ta koma Ingilishiya, kuma a wurinsu, in ji shi, babu zagin da ya kai wannan.

Ya fi jin su kusa da mu fiye da sauran Turawa. Suna kaɗa harshe a "r" kamar Bahaushe, kuma in za su ce khalas, wato "shi ke nan" da Larabci, daga maƙogwaro take fitowa daidai yadda Balarabe ke faɗinta, ba kamar Ingilishi mai cewa "kalas" ba. A cikin bas, Gajere zai ce mutanen su Tsoho da kifi suka koyi magana, Tsoho ya ce mutanen su Gajere ko a ɗakin uwarsu sai da tafinta. A haka za a kai wurin aiki, su sauka su raba shayi a fulas ɗaya. Da yamma Malam Altine zai zauna a bakin gado ya kwaikwayi kowannensu, har da yadda Tsoho ke gyara tabarau, mu yi ta dariya alhali ko kashi ɗaya cikin goma ba mu fahimta.

Ba zan yi masa adon da ba nasa ba don ya rasu. Wannan baiwar ta kunne ita ce kuma aibinsa. A cikinmu akwai Issaka, mutumin Zangon Kumasi a Ghana, mai haƙuri, mai Hausa irin ta can. Malam Altine ya sa shi gaba. In Issaka ya buɗe baki sai an gyara masa, in ya rufe sai an kwaikwaye shi. Na taɓa tuna masa cewa laifi tudu ne, tunda shi ma in ya shiga kasuwar Kurmi da Sakkwatancinsa sai yara sun bi shi. Ya ce ai wasa ne, ga su Gajere nan kullum suna yi, ba wanda ya ƙullaci wani. Abin da bai lura da shi ba shi ne su Gajere kowa yana ramawa, Issaka kuwa haɗiyewa yake.

Wata ranar hutu Issaka ya gama waya da mahaifiyarsa, fuskarsa a sake, sai Malam Altine ya maimaita maganarsa tiryan-tiryan, ya ƙara da tambayarsa wa ya ara masa wagga Hausa. Issaka bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, da shi uwa na ya goye ni. Ba ni da wani." Ƙarshen watan ya kwashe kayansa ya koma Al Wakrah. Malam Altine ya yi kwanaki ba ya mitar komai, abin da ya nuna mini maganar ta shige shi. Ya ce zai je ya ba shi haƙuri in an yi Sallah. Kafin Sallah korona ta rufe gari.

Ko a cikin annobar bai fasa halinsa ba. Takunkumi yana sa masa hazo a tabarau, manhajar waya sai ta nuna kore kafin a bar shi ya sayi biredi, ga Gajere wanda dama rabin kalma yake faɗa, takunkumi ya zo ya cinye sauran rabin. Da zazzaɓi ya kama shi aka kai shi wurin killacewa, kwanakin farko yana kira yana kushe abincinsu, ina jin daɗi. Daga baya sai ya koma cewa komai lafiya, alhamdulillahi, suna ƙoƙari. A nan na gane ciwon ya yi tsanani. Ba a daɗe ba ya rasu. Mu kaɗan aka bari muka raka shi, kowa nesa da kowa, cikin zafin da ko inuwa babu.

Bayan wasu watanni, ina tsaye a bakin aikina da la'asar, wani dattijon Bature mai tabarau ya zo yana tambayar abokin Altine. Tun kafin ya ƙarasa na gane Tsoho ne, don na sha ganin an kwaikwayi yadda yake gyara tabarau. Ya cire hula ya fara magana. Ni Turancin aiki na iya. Da Indiyawa da 'yan Filifin muna fahimtar juna sarai. Amma na wannan bawan Allah, a bayan takunkumi, ban tsinci komai ba sai sunan marigayi da yake ta faɗowa. Ya daɗe yana zuba, wani wurin ya yi dariya, wani wurin ya cire tabarau ya share ido. Na tabbata labarai ne na Malam Altine da ban taɓa ji ba, kuma ba zan taɓa ji ba. Na ce masa Allah ya ba mu haƙuri, da Hausa, tunda duk ɗaya ne. Mu biyu ne muka fi kowa kewarsa a ƙasar nan, kuma wanda zai yi mana tafinta shi ne ya mutu.

Lokacin gasar cin kofin duniya na yi ta tunanin abin da zai ce. Hanyoyin da aka rufe kaɗai sun ishe shi mitar wata guda, balle masu busa ƙaho a cikin jirgin ƙasa. Scotland ba ta samu zuwa ba, kuma na san da Malam Altine yana nan, da Tsoho ya sha tsokana, sai dai shi ma a lokacin ya yi ritaya ya koma gida. Wata rana wasu mutum biyu suka wuce ta ƙofata sanye da zanen nan na mutanen Scotland mai gidan dara, suna musu da ƙarfi. Na kasa kunne. Na ji "r" ɗin, na ji maƙogwaron, amma ko na Glasgow ne ko na Aberdeen ban sani ba. Na dawo ɗaki da tambayar, ba wanda zan yi wa.

Ɗakin yana nan, mutanen ne suka sauya. Waɗanda nake zaune da su yanzu mutanen kirki ne, suna cika buta, ba sa taɓa takalmin kowa. Kowa ya dawo sai ya toshe kunne ya juya wa bango fuska da wayarsa. Da Malam Altine zai leƙo, ina jin wannan shirun zai fara kushewa kafin komai. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, ba mutuwa ba, kuma na yarda. Na kan tambayi kaina me ya rage nasa a garin nan. Ginin da ya yi shekaru yana kai mutane an gama shi, ba sunansa a jiki. Gajere da 'yar Edinburgh sun bar ƙasar. Baƙo raɓa ne, a Doha kuwa dukkanmu raɓa ne. Da na lissafa waɗanda suka san shi da rai kuma suke nan har yanzu, mutum ɗaya na samu.

Shi ya sa Juma'ar da ta wuce na shiga mota zuwa Al Wakrah. Na sami Issaka a shagon kifin da yake aiki kusa da bakin ruwa, furfura ta fara masa. Muka gaisa, ya sayo mana shayin karak. Na gaya masa zan tafi, na gaya masa buƙatata ta ya riƙa ziyartar kabarin, na kuma gaya masa cewa marigayi ya yi niyyar zuwa ba da haƙuri, rai ne bai kai shi ba. Ban ɓoye masa cewa in ya ƙi ba zan ga laifinsa ba, kuma in ya ƙi ba ni da wani.

Ya kalli jiragen masunta. Sannan ya ajiye kofin.

"Ɗan Kano, ka kai ni in ga wurin. Zan dinga je. Amma da Hausa na zan roƙa mishi gafara. In bai yi mishi ba, ya tashi ya gyara."

Na buɗe baki zan yi dariya, ta ƙi fitowa. Shi ma bai yi ba, ya juya yana share fuska da gefen rigarsa. Da ana tashi, da mu biyun mun yarda a gyara mana Hausa har ƙarshen rayuwarmu. Allah ya jiƙan Malam Altine.