Injin da Baba Eriya Bai Ɗauka Ba

Duk wanda ya tashi a layin bayan kasuwa ya san Baba Eriya, in bai san shi da fuska ba ya san shi da tafiya. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, ƙaramar rediyo a hammata, rikoda rataye a wuya, eriya a zare kamar zai tsokano wani abu daga sama. Sana'arsa gyaran rediyo, a ɗan shagon da ke manne da gidansa, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙa ba ɗaya haƙuri. Gyaran dai na neman abinci ne. Abin da ya ɗauke masa zuciya daban yake, kuma shi ne abin da kowane mai rediyo ke yi wa tsaki.

Kun san ƙarar nan, tat-tat-tat, da ke kutsowa cikin labarai in babur ya wuce ko maƙwabci ya tayar da janareta? To ita. Tun yana saurayi ya gane tartsatsin fulogin inji ne rediyo ke kamawa. Wata rana, maimakon ya yi tsaki kamar kowa, sai ya murɗa zuwa inda babu tasha, ya kasa kunne. Daga ranar bai sake warkewa ba. Ya sayi rikoda, ya haɗa ta da rediyon, ya shiga bin injina yana ɗaukar abin da yake kira muryarsu ta ciki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

In ka zauna a shagonsa, ko ba ka tambaya ba sai ka sha bayani. Injin ban-ruwan mai lambu a natse yake tafiya, kamar keken tela. Janaretan mai aski in'ina yake yi. Babur ɗin mai kai burodi kuwa, in ya hau gangara sai muryarsa ta sirance har ta ba ka tausayi. Yakan ce muryar ba a kamfani ake zuba ta ba, tsufa ne ke yin ta: fulogin da ya cinye, wayar da ta tsage, kwayil ɗin da ya sha zafi. "Sabon inji ba shi da labari," in ji shi. Mutane su yi dariya su tafi, shi kuma ya ƙara kaset ɗaya a kwali.

Babbar abokiyar faɗansa a wannan harka matarsa ce. Tana da injin markaɗe a rumfar ƙofar gida, bango ɗaya tsakaninsa da shagon, kuma duk layin babu injin da ya kai shi cika rediyo. Da ta ja igiya, komai ya rushe. Sai ka ji Baba Eriya daga ciki:

"Maman yara! Ɗan kashe mana, mai wankin mota ya tayar da nasa!"

"Malam, ka leƙo ka ga layi kuwa? Tumatirin mutane ne zai jira haukanka?"

Za ta faɗa, amma za ta kashe. Ta zauna a benci da jiƙaƙƙen hannu, matan da ke layi suna yi mata dariya, har sai ya ce, "To, tayar." In kuwa injinta ya yi kutse cikin wani kaset, ba ya bari ya kwana, sai ya goge ya sake ɗauka. Mutum ne mai son aikinsa fes.

Ta taɓa tambayarsa, tana wanke bokiti, ko kallonsa ba ta yi ba: "Ka ɗauki na mai aski, ka ɗauki na mai lambu, har na wanda ba ka san sunansa ba. Nawa fa, bebe ne?"

"Naki ai yana gida," ya ce. "Ina za shi?"

Ciwon da ya ɗauke ta bai ba kowa lokacin shiri ba. Aka yi zaman makoki, aka watse, aka lulluɓe injin da buhu. Watanni suka wuce kafin Baba Eriya ya iya kunna rediyonsa da safe. Da ya murɗa zuwa inda babu tasha, sai ya ji shuuu, tsaf, babu mai katse shi. Abin da ya shekara da shekaru yana roƙo ke nan, ga shi ya samu, kuma bai taɓa jin abin da ya ƙona masa rai kamarsa ba. Ya sauke kwalayen kaset ya bi su ɗaya bayan ɗaya, alhali ya san abin da zai tarar. Injinan gari duk suna nan. Nata ne babu, kuma da hannunsa ya goge.

Amma injin yana nan. Tsohon fuloginsa yana nan, wayar da ta naɗe da tsumma tana nan. In ya tashi ko sau ɗaya ne, muryar za ta fito. Ya yaye buhun, ya zuba fetur, ya ja igiya har kafaɗarsa ta ƙage, injin ko tari bai yi ba. Shi kuma gwanin rediyo ne, ba bakanike ba.

Da babban ɗansa, direban babbar mota, ya dawo daga tafiya, sai ya ce masa, "Ka sa a tayar min da injin nan." Iyakar abin da ya ce ke nan. Kunya ta hana shi faɗin dalili, don ta ina dattijo zai fara gaya wa ɗansa yana kewar matarsa?

Ɗan ya ɗauki injin ya kai gareji, ya dawo da shi yana sheƙi. Da hantsi aka ɗaura shi a mazauninsa. Baba Eriya ya sa sabon batir, ya ɓare sabon kaset, ya zare eriya. Ja ɗaya injin ya tashi, rumfa ta ɗauki ƙugi. A rediyo kuwa, shuuu. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya, ya matsa har eriyar ta kusa taɓa injin. Shuuu.

"Baba, ka ji ko?" ɗan ya ɗaga murya, fuskarsa cike da murna. "Komai sabo na sa, fulogi, waya, kwayil. Na ce wa bakaniken ya sa irin wanda ba ya shiga rediyo. Tun muna yara kake fama da shi, na ce yanzu kam ka huta."

"Tsofaffin fa?"

"Ai masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe."

Garin neman gira an rasa ido. Baba Eriya ya dubi ɗansa, ya ga babu komai a idonsa sai son faranta wa uba, ya haɗiye abin da ya taso masa. "Allah ya yi maka albarka," ya ce. Ya san zai iya samo wani tsohon fulogi ya ɗaura, rediyo ta yi ta tat-tat. Amma muryar wani ce za ta fito.

Yana tsaye haka sai ga maƙwabciyarsu, tsohuwa, da bokitin tumatir a hannu. Ta zo bakin rumfa ta ja ta tsaya, ta dubi bencin da babu kowa, ta dubi bokitin kamar ba ta san yadda aka yi ya zo hannunta ba.

"Ku yafe ni, Malam," ta ce. "Ina cikin ɗaki na ji shi, sai kawai ƙafata ta kawo ni."

Baba Eriya ya matso kusa da ita. "Da ma haka kukansa yake?"

"Haba Malam! Shi ne sak. Ko cikin injina ɗari zan fitar da shi. Kai da kake bango ɗaya da shi kake tambayata?"

Ya mayar da eriya, ya ajiye rediyon a ƙasa, ya zauna a bencin, hawaye suna bin gemunsa bai share ba. Ɗan ya tsorata, ya kai hannu zai kashe injin.

"Bar shi," in ji Baba Eriya. "Ban taɓa ji ba."